Ni Na Sayo Masa

Ni na sayo masa.
Bari in fara da wannan,
tun kafin lauya ya ƙwaƙulo shi daga bakina.

Tashar Aboabo, an idar da sallar asuba,
Masta Gariba ya miƙo min sidi goma ta taga:
"Yaro, tiramol biyu, da 'yar ledar nan mai ɗaci.
Bayana na ciwo, mai mota kuma ba ya jin uzuri."
Na ruga. Wace rana ce ban ruga ba?
Shekara uku ina lilo a ƙofar tirotiro,
ina kiran Kejetiya har muryata ta koma tsakuwa,
ina jiran ranar da zai ce min: zauna, riƙe sitiyari.

Ya haɗiye, ya kurɓa,
ya goge baki da bayan hannu,
ya murza makulli, ya ce bisimilla.
Wallahi ya ce bisimilla.

Mutum goma sha huɗu muka ɗauka.
Mma Sahura da bokitin koko tsakanin gwiwoyi,
wani tela rungume da kan kekensa,
da Akosuwa 'yar makaranta,
tana ƙirga lissafin jiya da yatsu.
Ta ba ni kuɗinta a dunƙule, da ɗumin tafinta.
Canjinta sulalla biyu.
Na ce sai mun sauka.

A gangaren Asawase na leƙa madubi.
Idonsa a buɗe yake,
sai dai babu kowa a ciki.
Na buga jikin mota sau biyu, alamar tsaya.
Na buga sau uku.
Na kira sunansa tsirara, babu Masta,
ga motar katako tsaye a gefen titi,
tana girma, tana girma.

Ban ji ƙara ba. Mutane sun ce an ji har Alaba.
Abin da na gani,
koko ne malale a kan kwalta yana tururi,
da takalmi ƙafa ɗaya, da igiyarsa a ɗaure.

Shi ko ƙwarzane bai yi ba.
Ɗan sanda ya sa masa na'ura a baki, ya ce busa.
Ya busa kamar mai hura wutar da ba ta son kamawa.
A asibiti suka zuƙi jininsa,
jini kuwa bai iya roƙo ba,
bai san kowa ba, ba ya miƙa na goro.

Kotun Adum akwai fanka mai kuka.
Alƙaliya ta karanta da Turanci,
tafinta yana sauke mana da Hausa, guntu-guntu,
kamar mai raba naman da ba wanda ke so:
rai biyu,
lasisi an ƙwace,
tarar da ta fi ɗakinsa da abin da ke ciki,
shekara bakwai.
Lantana, matarsa, ta kwance goyo ta sake ɗaurawa,
ta kwance, ta sake ɗaurawa.

Da aka tambaye ni me ya sha,
na dubi mutumin da ya koya min duba mai,
wanda ya biya min kuɗin magani ran da na yi shawara,
na faɗa.
Bai ɗago kai ba.
Da ya zage ni, da na fi samun barci.

Yanzu tela yana taka keke da ƙafa ɗaya.
Inda Mma Sahura ke zama, wata ke sayar da katin waya.
Ranar ziyara nakan kai masa gari da suga,
mu yi maganar ruwan sama, mu yi maganar ƙwallo,
mu kewaye gangaren Asawase
kamar yadda ake kewaye rami.

Na sami sabon masta a layin Tafo.
Jiya da asuba ya miƙo min sidi goma ta taga.
Na tsaya.
Ya ce, "Kai, kurma ne?"
Hannuna na cikin aljihu,
yana juya sulalla biyu
waɗanda ba nawa ba.